Wa Ke Taɓa Harsasan Malam Siddiq?

Bron, farkon watan Maris

Zuwa ga ɗiyata Raihana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ku lafiya, ke da maigidanki Amine da ƙaramar Fatou. Ya sanyin Stains? Ya aikin gidan renon yara? Ni lafiya lau nake, in ban da gwiwar nan da kika sani.

Za ki ce me ya hana ni kiran waya. Kin san ra'ayina. Mai suna irin nawa ba ya zancen bindiga da albarushi a waya a ƙasar Turawan nan, ko da takardunsa sun cika, nawa kuwa sun cika. Ki yi haƙuri da rubutun tsoho.

Wani yana taɓa mini harsasai.

Kin tashi kina ganina a ɗakin ƙasa ina ɗurin harsashi da hannuna, amma ba ki taɓa tsayawa kin ga aikin ba. Kowace bindiga da abin da cikinta ke so. Sai ka wanke kwanson harsashi, ka daidaita tsawonsa, ka sa masa amors, wato ɗan abin da ke tada wuta a gindinsa, ka auna albarushi a sikeli, sannan ka zaunar da kan harsashin. Ka je filin harbi ka gwada, ka dawo ka ƙara kaɗan ko ka rage kaɗan. Bindigar da nake gasa da ita sai da na fi shekara ina lallashinta kafin na gano abin da take so. Tun daga nan, a mita ɗari uku, in na yi harbi biyar, tafin hannun Fatou zai rufe hujojin duka.

Tun bayan sabuwar shekara abin ya lalace. Harbi yana watsewa a takardar da ake saitawa, kuma yana faɗawa ƙasa da inda na sa ido. Na goge bututu, na duba madubin saiti, na ɗaure duk abin da ke ɗauruwa. Har na sayi harsasan kanti na gwada, sai ga shi sun fi nawa. Ni da na ƙare ƙarfina a masana'anta ina sassaƙa ƙarfe, ana auna aikina da abin da bai kai kaurin gashi ba.

Akwai wani Christophe a kulob ɗinmu na harbi da na kayar a gasar bara, bai ƙara gaishe ni da fara'a ba. Nakan bar akwatina a kan tebur in na fita sallar la'asar. Gasar bana a watan Mayu take. Ban gaya wa kowa ba sai abokina Chaibou, shi kuwa ya ce in bar zancen.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Siddiq


Stains, tsakiyar Maris

Baba,

Wa alaikumus salam. Mun ga takardarka, mun yi murna. Kowa lafiya. Fatou ta ce a gaya maka tafin hannunta ya ƙara girma, saboda haka ka samu sauƙi. Amine yana gaisuwa.

Baba, don Allah kada ka tunkari Christophe ɗin nan. Ba ka gan shi da idonka ba. In ka zarge shi a gaban mutane ya kai ƙara wurin shugaban kulob, kai ka san wanda za a fi saurara, kuma ka san wanda za a fara duba takardunsa. Ban da haka, ta yaya mutum zai buɗe harsasai ya sake rufe su a kan tebur cikin ɗan lokacin da kake salla, mutane suna kai da kawo? Ni ban san aikin ba, amma ban ga yadda za a yi ba.

Ba ka ganin albarushin ne ya sha sanyi? Ɗakin ƙasan nan tun Mama tana da rai take kukan danshinsa. Ko tabaron ne ya kamata a sake? Yaushe rabonka da likitan ido?

Ka ji maganar Baba Chaibou. Shi ya san ka, ya san fili, kuma bai taɓa ba ka shawarar banza ba. Ka gaishe mini da shi, ka ce yajin da ya aiko ya kusa ƙarewa.

Ka riƙa cin abinci mai zafi, ba burodi da shayi kawai ba.

Ɗiyarka,
Raihana


Bron, ƙarshen Maris

Raihana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa gare ku duka. Kin yi gaskiya, Christophe ba shi da laifi, Allah ya yafe mini zaton da na yi masa. Idona ma lafiya yake, albarushi kuma a bushe yake. Da ma ɗayansu ne, da na fi jin daɗi.

Ga abin da na yi. Na ɗura sababbi, na ɗiga wa kowanne ɗan jan alli a gindi inda ido ba ya saurin kaiwa, na bar akwatin a ɗakin ƙasa, ban kai shi fili ba. Da na koma bayan kwanaki, harsasan suna nan a jere yadda na bar su, amma allin ya goge, kuma akwai sabon tabon matsi a wuyan kowane kwanso. Na buɗe ɗaya na zuba a sikeli. Albarushin bai kai awona ba. An buɗe su, an rage musu ƙarfi, an mayar.

Makullin ɗakin nan biyu ne. Ɗaya yana aljihuna. Ɗayan na ba Chaibou tun shekarun baya, saboda gidansa na saman kanti ba shi da wurin kafa teburin ɗuri. Ni na kai shi kulob, ni na koya masa aikin nan daga farko.

Na hau tiram, jirgin cikin gari, na same shi a kantinsa a unguwar Guillotière, yana auna wa wata mata gero. Na jira ta tafi. Na ajiye harsashin a kan kanta, na tambaye shi ko ya san shi. Bai musa ba. Ya rasa inda zai sa idonsa, ya ce, "Siddiq, mu hau sama mu zauna, akwai magana." Na ce ba ni da sauran magana da shi, na fito.

Tun da muka fara gasa tare bai taɓa wuce ni ba. Na ɗauka abin bai dame shi ba. Mutumin da ya ɗauki makarar mahaifiyarki da kafaɗarsa.

Na sake makulli. Yanzu ni kaɗai ke shiga, kuma na fara ɗurin na gasa. Kada ki amsa wayarsa. Yaji kuma akwai shi a kasuwar Château Rouge can wajenku.

Mahaifinki,
Siddiq


La Guillotière, Lyon, farkon Afrilu

Zuwa ga ɗiyata Raihana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Chaibou ne. Ina gaishe ki da gida, ina gaida Amine, ina gaida jikata. Na kira ki har na gaji, ba ki ɗauka ba, na gane an hana ki. Ban ga laifinki ba. Sai dai ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki yaga.

Abin da babanki ya faɗa gaskiya ne. Ni na riƙa buɗe harsasansa. Amma akwai abin da bai gaya miki ba, kuma ban tabbata yana tune da shi yadda ya faru ba.

A watan Disamba muna fili, ina kwance kusa da shi. Ya ja kunamar bindiga, sai na ji ɗan ƙara marar ƙarfi, ba irin ƙarar bindiga ba. Duk mai ɗuri ya san wannan ƙarar. Harsashi ne da ba a sa masa albarushi ba, amors kaɗai ya tura kan ya maƙale a cikin bututu. In aka sake harba wani a bayansa, bindiga fashewa take a fuskar mai ita. Shi ya koya mini haka. Amma ina kallo ya buɗe bindigar, ya sa wani harsashin, ya kwantar da kunci zai harba. Na riƙe masa hannu. Da muka zura sanda, ga kan harsashin can a tsakiya. Ya yi dariya ya ce kowa yakan yi kuskure sau ɗaya.

Hankalina bai kwanta ba. Da na je ɗakin ƙasa yin nawa ɗurin, na buɗe sauran akwatinsa. Yawanci daidai suke, aiki mai kyau irin nasa. Amma na samu wani babu albarushi, na kuma samu wanda aka cika da albarushin ƙaramar bindiga, mai saurin ci. Wannan da ya shiga babbar bindiga, da yanzu ta'aziyya nake rubuta miki.

Na yi niyyar gaya masa, sai na kasa. Kin san babanki. Ba ya da abin da yake taƙama da shi kamar hannunsa da kansa, kuma tun rasuwar mahaifiyarki Hajiya Maimouna ɗakin nan ne ke tashe shi da safe. Sai na zaɓi hanyar tsoro. Duk abin da ya ɗura, in bi baya in buɗe, in sake ɗurawa da awo mai sauƙi wanda na tabbata ba ya cutarwa. Na san harbinsa zai lalace. Na ga gara haka.

Yanzu ya sake makulli, yana ɗuri shi kaɗai, ba mai dubawa. Ina iya zuwa wurin shugaban kulob, amma in na yi haka za a karɓe masa izini, a zo har gida a kwashe bindigoginsa a gaban maƙwabta. Ba zan yi wannan ba sai da saninki. Ke ce jininsa.

Allah ya sa ki fahimce ni.

Babanki,
Chaibou


Stains, Afrilu

Baba Chaibou,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙonka, na karanta har ƙarshe. Ka gafarce ni in na yi magana a fili.

Na sake karanta takardun Baba duka biyu. Ban ga rubutun mai ruɗewa ba. Mutumin da ya yi dabarar alli ya kama ka, shi kake cewa ba ya gane gwangwanin albarushinsa? Harsasan da ka ce ka samu, wa ya gan su ban da kai? Ka ajiye su? Ranar da ka riƙe masa hannu, akwai wanda ya gani?

Kuma tun Disamba kake da lambata. Ka aiko mini yaji, ka aiko gaisuwar suna ta ɗiyar maƙwabciyarmu, amma ba ka ce mini komai ba sai da aka kama ka. In da bai kama ka ba, har yaushe za ka ci gaba? Har bayan gasa?

Ban ce ƙarya kake ba. Na ce ban sani ba. Kada ka je wurin shugaban kulob. Zan karɓi hutu, in zo Bron da Fatou in gani da idona.

Ina gaida Hajiyarka.

Raihana


Stains, ƙarshen Afrilu

Baba Chaibou,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mun dawo jiya. Ban biyo ta kanti ba, don na san in Baba ya ji ba zai ƙara buɗe mini baki ba.

Ranar farko na ce a raina ka zalunce shi. Ya tare mu a tashar jirgi, ya yi mana miyar kuka da kansa, ya ba Fatou labarin Zinder yana kiran sunan kowace unguwa da mai unguwarta. Ya gyara mini zip ɗin jaka. Na kwanta ina jin haushinka.

Washegari muka fita zuwa kasuwa. A tashar tiram ya tsaya yana kallon layin nan biyu, ya tambaye ni wane ɓangare ne ke zuwa cikin gari. Tiram ɗin da yake hawa tun ranar da aka kafa shi. Da ya ga fuskata sai ya ce gwada ni yake. A hanya ya kira Fatou da sunana, bai gyara ba. Na ce wannan kowane kaka yana yi.

Na roƙe shi ya nuna mini ɗakin ƙasa. Ya ji daɗi, ya buɗe da sabon makullinsa. Komai tsaf, kowane kayan aiki a ƙusarsa. Amma gwangwanin albarushi biyu ne a kan tebur, duka a buɗe. Ko ni da ban san aikin ba na tuna tsawar da ya taɓa yi maka a kan buɗe biyu lokaci guda ina ƙarama. Na nuna masa. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "Ke kika sauko da wannan?" Na ce ban taɓa komai ba. Ya rufe ɗaya ya mayar kan kanta, ya ce mu hau sama shayi zai huce.

Akwatin gasa yana nan cike, ya rubuta kwanan wata a murfinsa.

Har yanzu ina ganin ka yi kuskure da ka ɓoye mini. Amma na daina zarginka da hassada, ka yafe mini wannan. Na yi masa zancen likita, ya ce gwiwa ce ke damunsa ba kai ba. Ka ba ni ɗan lokaci. In ban samu kansa ba kafin gasa, ni da kaina zan kira shugaban kulob, ba kai ba.

Ɗiyarka,
Raihana


Bron, farkon Mayu

Raihana,

Salamu alaikum. Na gode da ziyara. Ashe ba ziyara ba ce.

Ranar Juma'a na haɗu da matar Chaibou a ƙofar masallaci. Cikin gaisuwa ta ce Allah ya yi miki albarka da kike rubuto musu. Sai na gane dalilin neman ganin ɗakin ƙasa, da zancen likita, da yadda kike bina da ido ina zuba sukari. Na ɗauka ɗiyata ce ta yi marmarin ganin aikin ubanta bayan shekaru. Bincike aka turo ki.

Na san abin da ya gaya miki. Zancen Disamba ne. E, ya faru. Babu mai ɗurin da ya daɗe bai taɓa tsallake kwanso ɗaya ba. Sauran kuwa, wanda ya shiga ɗakin mutum a ɓoye wata da watanni yana lalata masa aiki, me zai hana shi ƙirƙiro dalili ranar da aka kama shi? Gwangwanin nan na biyu ma ina ta tunaninsa. Ke kaɗai kika shiga bayana. Ban ce ke ce ba. Amma ban ga yadda ya sauko da kansa ba.

In so kuke ku mayar da ni tsohon da ake zaunarwa gaban telebijin a ɓoye masa ashana, ku faɗa mini a fuska.

Harsasan gasa na gama su. Ba hannun da ya taɓa su sai nawa, kuma ban taɓa yin aikin da ya fi su ba. Zan je, zan harba, ku ji sakamako a bakin mutane.

Ki gaida Fatou. Ita ba ruwanta.

Siddiq


Stains, Mayu

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ko da kana fushi.

Gaskiya ne, na rubuta wa Baba Chaibou, kuma na zo ne don in duba ka. Da na gaya maka, da ba ka buɗe mini ƙofa ba. Ban taɓa gwangwanin nan ba. Ina tsaye a bakin ƙofa, Fatou tana riƙe da hannuna.

Ba zan ɓoye maka sauran ba. Na yanke cewa in ranar gasa ta matso ba abin da ya sake, zan kira shugaban kulob in gaya masa kada a bar ka ka harba. Na san abin da zai biyo baya, na san wataƙila ba za ka ƙara kiran sunana ba. Na kwana biyu ina juya abin. Na ga zan iya rayuwa kana fushi da ni a Bron. Ba zan iya zuwa asibiti a ce in shiga in gane fuskarka ba. Kuma ba kai kaɗai ke kwance a layin harbin nan ba, akwai mutum a damarka da hagunka.

Amma ba na so a kai can. Ga abin da nake roƙo. Kada ka yarda da Baba Chaibou, kada ka yarda da ni. Ka ce ba hannun da ya taɓa akwatin nan sai naka. To ka kulle ƙofa, ka buɗe harsasan ɗaya bayan ɗaya, ka zuba a sikelinka. Na san aikin kwanaki ne zan sa ka rushe. In duka daidai suke, ka rubuto mini, na yarda da kalmarka ba sai na gani ba. Ba zan kira kowa ba, zan zo in durƙusa in ba ka haƙuri, in zauna a bayanka ranar gasa.

Ba ka taɓa yi mini ƙarya a kan awo ba.

Ɗiyarka,
Raihana


Bron, Mayu

Ɗiyata Raihana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa gare ku duka.

Na buɗe su. Yawancinsu ba su da aibu. Ɗaya babu komai a cikinsa. Biyu kuma albarushin ƙaramar bindiga ne. Na zauna ina neman wanda zan zarga, na duba ƙofa, na duba taga. Ba wanda ya shiga.

Ba sai kin kira kowa ba. Na je da ƙafata na cire sunana daga gasa, na ce gwiwa ce. Ki nemo mana likitan da kika ce, amma ki zo mu je tare, don ban san me zan gaya masa ba.

Chaibou kuma, kada ki gaya masa tukuna. Zan je kantin da kaina. Ki ɗan ba ni kwana biyu, ban gama fushi da shi ba.

Mahaifinki,
Siddiq